Fen Biyu na Kwarin Mbi

Bobe Waingeh bai taɓa shiga aji ba, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ni Nange, ni ce na yi shekara goma sha ɗaya ina rubuta abin da idonsa ya gani a kan dutsenmu. Aikina ke nan a 'yar bukkar gandun daji da ke bakin kurmi, a nan ƙasar Kom: in zauna da littafi da alli, in jira masu zagaye su sauko su faɗa min tsuntsayen da suka gani. Sauran masu zagayen duk 'yan boko ne, kowa da madubin hangen nesa a wuya yana taƙama, amma in dai maganar fen ce, tsohon ake jira.

Fen tsuntsu ne kore, bai kai hankaka girma ba, da jan tukku a ka. In yana zaune cikin ganye ba za ka gan shi ba ko da kana gindin bishiyar, sai ya buɗe fiffike jan nan ya haska. Gashin wannan fiffiken ne fada ke soka wa mutum a hula in ya yi wa ƙasa abin a zo a gani. Namijin Kom zai iya yafe maka ka ci masa iyakar gona, amma ba zai yafe ka raina gashin hularsa ba.

Waingeh yana ɗan shekara goma sha biyu kawunsa ya fara hawa da shi kurmi. Ya koya masa shafa danƙo a reshen da fen ke sauka cin 'ya'yan itace, da kwaikwayon kukansa da tafin hannu. Kafin ya yi aure babu mai kama fen kamarsa a ƙauyuka biyar, shi da bakinsa ya ce min ya daina ƙirgawa bayan ɗari biyu. Da aka shata gandun, fada ta hana taɓa tsuntsun, sai masu aikin suka yi dabara suka ɗauki wanda ya fi kowa ɓarna suka ba shi gadi. Kada wani ya ce maka tuba ya yi a lokacin. Albashi ya bi, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Daga baya ne abin ya shige shi, a hankali. Da ya fara bin kwari-kwari yana ƙirga, sai ya lura duk inda babu fen ko ɗaya, nan ne ya fi kai danƙonsa yana saurayi. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Wata safiya dai ya ɗauki gorar da yake ajiye ragowar gashi a ciki, ya kai fada ya miƙa duka, ya dawo gida ya ci tuwonsa. Matarsa ta rasu bayan nan da 'yan shekaru, 'ya'yansa mata suka yi aure a Duwala, ya rage shi kaɗai a gidan da amyoyin zumarsa da kaji.

Da yake ba ya rubutu, da wake da masara yake aiki. Aljihun dama jan wake, na hagu masara, sai 'yar jakar fata a wuya. In ya ga fen da idonsa ya jefa wake ɗaya a jakar, in kuka kawai ya ji ya jefa masara. Ya sauko ya zazzage min a kan tebur, ya ware su da ɗan yatsa, wannan na kwari kaza, wannan na tudu kaza. Wani Bature da ya zo ya taɓa cewa ai wannan ba ƙirga ba ce, ya bi shi kwana uku da takardunsa da na'urarsa. Da suka gwada lissafi, bambancin tsuntsu ɗaya ne, shi ma Baturen ne ya ƙirga guda sau biyu. Tsohon yana da taurin kai da baƙar magana, na sha yin fushi da shi, amma bai taɓa ƙara min wake ɗaya don ya faranta wa manya rai ba.

Aikinmu a bazara yake tsananta, daga ƙarshen Maris in ruwan farko ya sauka. Lokacin ne tsattsewa ke taruwa a kan waya suna shirin komawa arewa, baƙi masu kallon tsuntsu su cika hanya da manyan takalmansu, fen kuma su fara kuka tun kafin hazo ya ɗaga, don lokacin sheƙarsu ne. Kowane kwari yana ba da nasa waken, ban da kwarin Mbi. Nan ne Waingeh ya fi yin ɓarna, kuma tunda na kama aiki ban taɓa rubuta komai a layinsa ba. Duk da haka duk mako sai ya je, tafiyar awa biyu a hawa, da gwiwarsa mai ciwo.

A shekarar da nake ba da labari, wata Talata kafin Ista, ya shigo rigarsa sharkaf da hazo, ya zazzage jakar. Ya ware waken sauran wurare, sannan ya ture guda biyu gefe, ya ɗora yatsa a kansu.

"Na ina ne waɗannan, Bobe?"

"Mbi."

Na ɗago kai. "Bobe, ko dai ka biya wajen masu bammi ne da sassafe?"

"Ji mara kunya. Ki rubuta, na ce Mbi. Bishiyar nan da tsawa ta tsaga gida biyu, can sama wajen da igiyoyin daji suka yi duhu. Suna kan ƙwai, Nange! Ɗaya ya tashi neman abinci, ɗaya ya zauna, haka suke karɓa-karɓa. Na fi awa ina tsugune har ƙafata ta mutu."

Dariya yake yi, amma idonsa ya cika da ruwa, ya wayance wai sanyi ne. Ni ma murna ta kama ni. Na rubuta a littafi kamar yadda aka saba. Da ya tafi sai na ɗauki alli na fita wajen allon.

Allon nan a jikin bangon bukkar yake, ta waje, a saman bencin da ake hutawa. A nan muke rubuta wa baƙi abin da aka gani a mako, da Turanci, kuma ƙa'ida sunan tsuntsu da yawansa kawai ake sawa. Ni ranar rawar kai ta ɗebe ni. Ina son kowa ya san abin da tsohonmu ya gano, ina kuma son a ce Nange ce ta fara sanarwa. Na rubuta kwarin, na rubuta bishiyar da tsawa ta tsaga, na rubuta suna kan ƙwai, har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Waingeh ya yi shekaru yana zama a ƙarƙashin allon nan yana cin goro, a zatonsa dokokin shiga kurmi ne a jiki, ni kuma ban taɓa damuwa in gaya masa ba.

A makon ne aka sanar fada za ta soka wa Timngum jan gashi. Timngum ɗan Nawain Ngoin ne, ƙanwar Waingeh uwa ɗaya. A wajenmu ɗan 'yar'uwa shi ke gadon kawu, don haka shi ne magajinsa, gida da amyoyi da suna duk nasa ne wata rana. Yaro ne mai kirki, ba zan tauye masa haƙƙi ba. Motocin haya yake da su a Bamenda, kuma shi ya jawo ruwan famfo daga maɓuɓɓuga har tsakiyar ƙauye, matanmu suka huta da hawan tudu da tulu. Ya cancanci gashin. Matsalar ita ce, a ƙauyenmu dangin mutum ne ke kawo gashin a naɗe cikin ganye, kuma tunda aka hana kama fen, wanda bai gaji tsohon gashi ba na zakara yake rinawa. Kowa ya san haka, kowa kuma yana yin kamar bai sani ba, sai an koma gida a yi ta gulma.

Ngoin ta ce ita ɗanta ba zai sa gashin kaza ba. Ta je gidan wanta sau uku yana zille mata, har ta gane a bukkarmu yake ɓuya. Ranar Juma'a da hantsi suka iso ita da Timngum, suka same shi a kan benci. Ni ina ciki, ƙofa a buɗe, ina jin komai.

"Waingeh, yau sai ka gudu ta sama," in ji ta, ko gaisuwa babu. "Fito min da gashin."

"Na kai fada tun ba yau ba, kin sani."

"Duka? Kai da ko ƙashin kaza ba ka yarwa? Wa za ka yi wa wannan?"

"Duka, Nawain."

"To ka hau ka samo. Mutum nawa ka yi wa ado a ƙasar nan? Har ɗan gidan masu sayar da alade ya sa gashinka. Sai yau da abin ya zo kan ɗan cikina, wanda zai binne ka, ka zama fadan coci mai wa'azi? So kake matan kasuwa su riƙa yi min kukan zakara in na wuce?"

"Su yi. Zakara ma halittar Allah ce, kuma ya fi wasu tashi da wuri."

Timngum ya tsuguna a gabansa, ya cire hula. "Kawu, ba na so ka karya doka. Na ji an ce suna zubar da gashi da kansu. Ka faɗa min inda suke kwana kawai, in je in duba ƙasa ko Allah zai sa in tsinta."

"Ba yanzu suke zubarwa ba, ɗana. Kuma duk wanda na nuna wa bishiya, gobe mutum goma sun sani. Ni na san halinmu, da hannuna na yi. Ka bari in rina maka. Zan yi maka wanda sai wanda ya taɓa riƙe na gaske zai gane."

"Ai su ne za su zauna a gaba ranar, Kawu."

"To su gane. Famfonka ba na rini ba ne."

Timngum ya miƙe yana kaɗe gwiwa. A nan ne na ga idonsa ya hau saman kan kawunsa, ya tsaya. Leɓensa ya ɗan motsa, irin na mai karatu a zuci. Tsohon yana zaune a ƙasa ya haɗe rai, ya rantse ko za a yanka shi ba zai faɗa ba, ga amsar a rubuce da farin alli taku ɗaya a saman hularsa. Timngum ya juyo muka haɗa ido ta ƙofa, ya yi saurin kawar da kai, ya ce, "Mama, mu tafi, kar mu takura wa Kawu."

Da na fito a take na gaya wa Waingeh, da ya kwashi bargonsa ya je ya tare a gindin bishiyar har ƙwan su ƙyanƙyashe, na san shi. Amma sai in ce masa me? In ce ni na tallata sirrinsa? Na ji tsoron bakinsa, na ji tsoron a kore ni daga aiki. Na jira ya tafi, na ɗauko tsumma na goge allon tas, na ce wa kaina Timngum mai tsoron Allah ne, ba zai yi ba. Haka na yi kwana tara ina gaya wa kaina wannan maganar, abinci ba ya min daɗi.

Shi kuwa tsohon ya duƙufa. Ya yanka farin zakaransa da ya fi so, ya zaɓi gashi uku daga fiffike, ya yi ta tsoma su a rini yana shanyawa a inuwa, ya gyara bakinsu da reza. Ya kawo min in gani. Wallahi sun yi kyau. Saboda wannan aikin da shirin biki, makon nan bai hau Mbi ba, karo na farko a bazara. Ya naɗe wanda ya fi kyau a ganye ya aika wa ƙanwarsa, ta karɓa, shi kuma ya ɗauka ta haƙura.

Ranar bikin filin ya cika. An tuƙa tuwon masara tukunya-tukunya, ga miyar ganye, ga kaza da manja, bammi kamar a yi wanka. Timngum ya fito cikin baƙar riga mai ado, manzon fada ya kwance ganye ya soka masa gashin a hula, mata suka rangaɗa guɗa, aka harba bindigogi. Ni ina can baya ban hango da kyau ba. Na dai ji wani dattijo kusa da ni yana cewa, "Kai, wannan na gaske ne. Gidan maharba ai ba a rasa ajiya."

Al'ada ce bayan an soka gashi, kawu ya fito ya shafa wa ɗan 'yar'uwarsa jan garin majigi a goshi, ya zuba masa bammi a ƙaho. In kawu ya ƙi, ya tsine masa ke nan a bainar jama'a, kuma abin yana bin mutum har 'ya'yansa. Aka kira Waingeh. Na kutsa gaba, aka ba ni tulun bammin in riƙe masa, don haka ina dab da su. Ya taho yana murmushi da ƙwaryar majigi a hannu. Saura taku uku ya tsaya.

Ya daɗe yana kallon hular. Sabon gashi ne, ko gindinsa bai gama bushewa ba, kuma mutumin da ya fige ɗari biyu ba ya bukatar a gaya masa. Filin ya fara yin tsit. Ngoin ta daina rawa, ta dafe ƙirji. Timngum ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyansa. Ƙwaryar ta karkace a hannun tsohon, garin majigin na zuba a ƙafarsa.

Sai ya ƙarasa. Ya dangwala yatsa ya shafa masa a goshi, ya karɓi tulun daga hannuna ya cika ƙahon. Guɗa ta sake tashi. Cikin wannan hayaniyar ya matso da bakinsa kusa da kunnen Timngum, ni kaɗai na ji.

"Ɗaya ko biyu?"

"Ɗaya, Kawu."

"Wanda ke kan ƙwai, ko wanda ya fita kiwo?"

"Ban sani ba, Kawu. Ba ni na hau ba."

Ya gyaɗa kai, ya miƙa min ƙwaryar, ya ratsa mutane ya fita. Ko tuwo bai taɓa ba.

Washegari ya hau Mbi, da jibi, da gata, da citta. Bai biyo ta bukka ba, ni na riƙa hango shi yana wucewa ta bayan gonakin wake. Daga baya ya gaya min wanda ya rage ya zauna a kan ƙwan kwana huɗu, yana kuka yana jiran a zo a karɓe shi. Tsohon har 'ya'yan itace ya tsinko ya ɗaura a reshe kusa da sheƙar, tsuntsun bai kula su ba. A rana ta biyar yunwa ta tashe shi, bai dawo ba.

Ranar ce ya shigo bukkar ya zauna, bai ciro jaka ba. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ya ce yana ta tunani wa ya bi sawunsa, shi da yake canza hanya kullum. Na kasa daurewa. Na durƙusa na gaya masa duka: allon, da layi biyun da na ja, da idon Timngum, da tsumman. Ina kuka ina jira ya zage ni, don da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ya fita ya tsaya gaban allon, ya daɗe yana kallon rubutun makon, sannan ya dawo.

"Wato duk abin da na faɗa miki a nan kike sawa?"

"Ba duka ba, Bobe. Ranar ce kawai."

"Kuma ina zaune a ƙarƙashinsa ina cika baki." Ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Tashi, 'yar nan, ƙasa da sanyi. Na kashe su fiye da ɗari biyu ina barcina lafiya. Wannan ɗayan da ban taɓa ba, shi ya hana ni cin abinci."

Bai kai ƙarar kowa ba. Da ya kai, da an cire wa magajinsa gashi a gaban jama'a, ni kuma an sallame ni. Timngum ya zo masa da bargo da sabon takalmin roba, ya karɓa ya yi godiya, ya rataye su a bango, har yau suna nan da ledarsu. Ngoin tana gaishe shi a coci, yana amsawa. Timngum kuwa ba ya sa hular sai dole, in ya sa ma ba ya bin hanyar gidan kawunsa.

Shekara huɗu ke nan. An sallami tsohon daga aiki saboda shekaru, amma duk bazara, da ruwan farko ya sauka, sai ka gan shi da sanda yana jan ƙafa zuwa Mbi, shi kaɗai, in wani ya bi shi ya zauna a kan dutse har mutumin ya gaji ya koma. In ya sauko yakan tsaya a bukka ya sha ruwa, mu gaisa, ya tambayi yarana. Ni kuma ba na iya hana kaina.

"Me ka gani yau, Bobe?"

"Hazo."

"Hazo kawai?"

"Hazo kawai, 'yar nan."

Makon jiya da ya faɗi haka, na lura gwiwoyin wandonsa duk laka ne, irin na wanda ya daɗe a tsugune wuri ɗaya. Ban tambaye shi ba, ban kuma rubuta komai ba. Ina roƙon Allah ya sa ƙarya yake yi min.